Ajami a Shafin Intanet: Yadda Ake Sa Rubutu Ya Fara Daga Dama

Idan ka yi makarantar allo, hannunka ya riga ya san hanya guda ta rubutu. Kana ɗora alƙalami a gefen dama na allo, ka ja shi zuwa hagu. Da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, sai malami ya ce ka fara daga hagu, domin haka boko yake tafiya. Duka biyun rubutu ne, kuma da kowanne ana rubuta Hausa. Amma kwamfuta da wayar salula an fara ƙera su ne a ƙasashen da ake rubutu daga hagu. Saboda haka shafin intanet yakan ɗauka cewa kowane rubutu daga hagu yake farawa, sai fa in an gaya masa ba haka ba ne. Wannan bayani zai nuna maka abin da ake yi domin shafi ya karɓi ajami daidai, da wuraren da kuskure ya fi shiga, da yadda za ka gane kuskuren da idonka ko da ba ka koyi aikin kwamfuta ba.

Me ya sa maganar ta shafe ka?

A Filinge da sauran garuruwan Kurfai, kamar yadda yake a Tawa da Maraɗi da Damagaram, akwai mutane da yawa waɗanda ba su taɓa zama a bencin lakkwal ba, amma suna karanta ajami ba gargada. Da shi ɗan kasuwa yake rubuta sunayen waɗanda yake bi bashi, da shi uba yake aika wasiƙa ga ɗansa da ya tafi cin rani. Rubutu ne mai tsohon tarihi. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, da ajami ta rubuta waƙoƙinta na Hausa da na Fulatanci. A Yamai, cibiyar bincike ta IRSH da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni tana riƙe da dubban tsofaffin takardu na Larabci da na ajami, waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tattarawa. Boko ƙane ne a gaban ajami. A 1912 ne Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Turawa, a Nijar kuwa a 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun boko da ake bi a makarantu.

Yau labari mai amfani ya koma cikin waya: farashin hatsi da wake, ranar allurar rigakafin dabbobi, hasashen damina, sanarwar magajin gari. Galibinsa da Faransanci yake zuwa, kaɗan da boko. Dattijon da ya iya ajami sai ya nemi yaro ya karanta masa, kamar bai taɓa riƙe alƙalami ba. A watan Maris na 2025 dokar da ake mulkin Nijar da ita ta sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Duk inda aka ce za a rubuta abu da Hausa, akwai tambayar da ta kamata a yi: da wane rubutu?

Idan ƙungiyarku ta manoma, ko bankin cimaka na garinku, ko ƙungiyar mata masu adashi, ta ɗauki ma'aikaci ya gina mata shafi ko manhajar waya, kuna da damar ku ce a sa ajami tare da boko. Sai dai ka sani, mai gina shafin wataƙila bai iya karanta ajami ba. Yana ganin haruffa sun bayyana, zai ce aiki ya yi. Kai ne za ka san ko ya yi.

Yadda na'ura take gane harafi

Kwamfuta ba ta san ba ko jim ko sin ba. Lamba kawai ta sani. Akwai wani babban kundi na duniya mai suna Yunikod, wanda aka fara fitarwa a 1991, inda aka ba kowane harafi na kowane rubutu lambarsa. Tare da lambar an rubuta halin harafin. Haruffan boko an ce masu tafiya dama ne, wato daga hagu suke tasowa. Haruffan Larabci da ajami an ce daga dama suke tasowa. Akwai kuma 'yan ba-ruwanmu, irin su aya da waƙafi da filin da ake bari tsakanin kalmomi. Waɗannan ba su da ɓangare, maƙwabtansu suke bi. Ka riƙe wannan, domin yawancin rikicin da za ka gani a gaba daga 'yan ba-ruwanmun nan yake fitowa.

Na'ura tana ajiye rubutu bisa jerin da aka furta shi. Harafin da baki ya fara faɗa shi ne na farko a ajiya, ko boko ne ko ajami. Sai lokacin nuna shi a fuskar waya ne take bin ƙa'idar Yunikod ta jera shi ta inda ya kamata. Wasu da ba su fahimci haka ba sukan buga kalmomi a juye, daga ƙarshe zuwa farko, don su bayyana daidai a injinsu. Kada ka yarda a yi muku haka. Rubutun zai wargaje da zarar an buɗe shi a wata waya, kuma ba wanda zai iya neman kalma a cikinsa.

Ka kuma san cewa harafin ajami yana sauya kama: dabam a farkon kalma, dabam a tsakiya, dabam a ƙarshe, dabam in yana shi kaɗai. A wurin na'ura lambarsa guda ce, ita ce take zaɓar kamar da ta dace ta haɗa shi da na kusa. Ta kuma san haruffa shida da ba sa riƙe na bayansu, wato alif da dal da zal da ra da zai da wau.

Ba Hausa ce ta fara neman wannan hanya ba. Larabci da Ibrananci da Farisanci da Urdu duk daga dama suke farawa, kuma miliyoyin mutane suna karanta su a intanet kullum. A Afirka ta Yamma ma akwai rubutun N'Ko, wanda Solomana Kante ya ƙirƙiro a 1949, ya shiga Yunikod a 2006, da rubutun Adlam na Fulatanci, wanda 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro a ƙasar Gini, ya shiga a 2016. Hanya a share take. In ma'aikaci ya ce maka abin ba ya yiwuwa, bai neme shi ba ne.

Alamomi biyu da ake sa wa shafi

Ana gina shafukan intanet da wani harshen alamomi da ake kira HTML. Mai karatu ba ya ganin alamomin, amma su ne suke gaya wa waya yadda za ta shimfiɗa shafin. Tun 1997 aka tanadi alamar da ke faɗin alƙiblar rubutu. Ana rubuta ta haka: dir="rtl". Ma'anarta, a fara daga dama a nufi hagu. Kishiyarta ita ce dir="ltr". Idan aka sa ta farkon a kan shafi gaba ɗaya, layuka za su taso daga dama, jadawali zai fara da rukunin dama, aya kuma za ta faɗa a ƙarshen jimla, wato a hagu.

Alama ta biyu tana faɗin harshe da irin rubutu: lang="ha-Arab". Kashin farko yana nufin Hausa, na biyu yana nufin da haruffan Larabci. Da wannan na'ura take sanin cewa ba Larabci ne a gabanta ba, kada ta ɗauki kalmomin Hausa a matsayin Larabcin da aka rubuta da kuskure.

Akwai wata gajeriyar hanya da masu gaggawa suke bi. Maimakon su sa alamar alƙibla, sai su tura rubutun kawai ya jingina da gefen dama. Daga nesa kamar daidai ne. Amma tura kaya gefen ɗaki dabam, sauya ƙofar ɗaki dabam. Shafin yana nan yana ɗaukar hagu a matsayin farko. Ga yadda za ka kama shi: dubi ayar da ke rufe sakin layi. In ka gan ta a dama, a bakin layi, gaban kalmar farko, to tura rubutun aka yi. Haka kuma in jimlar ajami tana da kalmar boko a tsakiyarta, kamar sunan magani ko na taki, rabin jimlar na farko da na biyu za su yi musayar wuri, magana ta zama shirme.

A wuraren da mai amfani da shafi ne zai rubuta abu da kansa, kamar gurbin suna ko na saƙo, ba a san ko da boko zai rubuta ko da ajami ba. Nan ana sa dir="auto". Sai na'ura ta dubi harafin farko da ya buga ta bi alƙiblarsa. Manhajojin aika saƙo irin su WhatsApp ma harafin farko suke dubawa. Saboda haka in za ka aika saƙon ajami, fara shi da kalmar ajami. In ka fara da kalmar boko, layin duka zai koma hagu.

Lambobi: inda ya kamata ka fi buɗe ido

Ko a cikin rubutun da ke tasowa daga dama, lambobi daga hagu ake jera su. 250 tana nan 250, a boko ko a ajami. Na'ura ta san haka, ba ta kuskure a lamba guda wadda take a haɗe. Wahala tana zuwa ne in aka raba lamba da fili ko da ɗan karan nan na tsakiya.

A Nijar an saba rubuta kuɗi irin na Faransanci, a bar fili tsakanin dubbai da ɗaruruwa. Abin da ya kai jika 12 da rabi ana rubuta shi 12 500. A cikin layin ajami, na'ura takan ɗauki wannan a matsayin lambobi biyu, 12 dabam, 500 dabam, domin filin da ke tsakaninsu ɗan ba-ruwanmu ne, kuma maƙwabtansa na ajami ya bi. Sai ta jera su daga dama kamar kalmomi biyu. Mai duba waya sai ya ga 500 12. Manomin da ya dogara da wannan don ya san ko zai kai wakensa kasuwar Filinge ko ta Baleyara, an ruɗe shi. Maganin yana da sauƙi: a rubuta 12500 a haɗe, ko kuma ma'aikacin ya sa wani fili na musamman da Yunikod ya tanada, wanda yake ɗaure lambobin wuri ɗaya.

Lambar waya ta fi haɗari. Lambobin Nijar guda 8 ne, ana rubuta su biyu-biyu. Mu ɗauki lambar da ba ta kowa ba, 12 34 56 78. A tsakiyar ajami, in ba a yi tanadi ba, za ta bayyana 78 56 34 12. Kowa ya saba kwafar lambar waya daga hagu, to wanda ya kwafe ta haka wani dabam zai kira, ko kuma ta ƙi shiga. Ka yi tunanin lambar ta malamin dabbobi ce, saniya ta kwanta, ko ta motar asibiti ce mace tana naƙuda da dare. Haka alamar tarawa da ke gaban 227, lambar Nijar ta waje, takan tsallake ta koma bayanta. Abin da ake yi shi ne a kewaye lambar wayar duka da alamar dir="ltr", kamar an yi mata shinge. Cikin shingen komai daga hagu yake tafiya, wajensa ajami yana ci gaba da hanyarsa.

Karan tsakiya ma yakan yi irin wannan. Takin zamani mai lamba 15-15-15, wanda manoma suka fi sani, ya yi sa'a, ta ko'ina ka karanta shi daidai ne. Amma 20-10-10 in ya biyo bayan kalmar ajami zai bayyana 10-10-20, wannan kuwa wani haɗin taki ne dabam. Shi ma shinge yake bukata. Ranar wata kuma, abin da ya fi aminci shi ne a rubuta sunan watan da kalma.

Saura zubin lambobin su kansu. Akwai irin waɗanda ke kan takardar kuɗin sefa da madannan waya, akwai kuma irin na littattafan Masar da Saudiyya. A cikin na biyun, biyar da'ira ce mai kama da sifiri, sifiri kuwa ɗigo ne kawai. Don farashi da lambar waya da adadin magani, gara a tsaya ga waɗanda ke kan kuɗi, domin su kowa ya sani a kasuwa.

Fa da ƙaf

Karatun allo a ƙasar Hausa bisa riwayar Warshu ya ginu, rubutunsa kuma dangin na Magrib ne. A wannan rubutu, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf yana da ɗigo ɗaya a sama. A ƙasashen gabas ba haka ba ne. Can fa ce take da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. Wato abin da Bamisire yake kira fa, shi ne kai kake kira ƙaf. Madannan Larabci da suke zuwa cikin waya irin na gabas ne.

Dubi abin da wannan zai iya jawowa. Kalmar fara da kalmar ƙara harafin farko ne kaɗai ya raba su a ajami. Ma'aikacin lafiya ya rubuta a fara ba yaro magani, ya buga fa ta gabas. Uban yaron, wanda ya yi allo, ya karanta a ƙara ba yaro magani. Haka fasa da ƙasa. Ko da bakin Bakurfaye hwara yake cewa, harafin da idonsa yake nema shi ne fa mai ɗigo a ƙasa. A ɗaya gefen kuma, matasan da suka yi Islamiyya da Alƙur'ani bugun gabas sun fi sabawa da nasu. Don haka tilas ƙungiya ta zauna ta zaɓi guda, ta faɗa a saman shafi wanda ta zaɓa. In akasarin masu karatunku almajiran allo ne na dā, Warshu ya kamata ku ɗauka, ko da ya fi ba ma'aikaci wahala.

An daɗe ana ƙara haruffanmu cikin Yunikod kaɗan-kaɗan. A 2005 aka sa ɗigon imala, wanda ake ɗigawa a ƙasan harafi don wasalin e, da ba mai ɗigo uku a sama wadda wasu suke rubuta ɓ da ita. A 2016 aka sa fa da ƙaf da nun irin na Afirka, waɗanda suke yar da ɗigonsu a ƙarshen kalma kamar yadda ake yi a allo. A 2020 aka ƙara wasu saboda Hausa da Wolof, har da angai mai ɗigo uku da ƙaf mai ɗigo uku, na sautuka irin na gwani da ƙwai. Ɗa mai hannu da ake sa wa ɗigo uku ya zama tsa shi ma yana ciki. Sai dai wannan arziki ya zo da nasa nauyi. Yanzu akwai fa fiye da ɗaya a kundin, kowace da lambarta. Wanda ya nemi kalma da wannan fa ba zai sami wadda aka rubuta da waccan ba. Duk masu buga rubutu a shafinku su yi amfani da haruffa iri ɗaya.

Kada kuma a bar wasula. Larabawa suna rubuta jaridunsu da babbaƙu kaɗai, harshensu ya ɗauki haka. Hausa ba ta ɗauka ba. Gida da gada da guda, in ka cire wasulansu, abu guda za ka gani. Shafin da ya nuna babbaƙu ya haɗiye farfaru bai yi muku aiki ba.

Zubin haruffa

Yunikod lamba kawai yake bayarwa. Surar da ido yake gani tana fitowa ne daga abin da za mu kira zubin haruffa, wato tarin zane-zanen haruffa da aka ajiye cikin waya. Zubin da wayoyi suke zuwa da shi na Larabcin gabas ne, siriri, kuma tsohuwar waya ba ta san haruffan 2016 da na 2020 ba. Ƙungiyar SIL ta yi zubi uku saboda yankinmu, kuma kyauta ne. Harmattan an yi shi don harsunan Afirka ta Yamma masu bin Warshu. Alkalami, wanda ya fito a 2017, yana kwaikwayon rubutun Kano mai kauri, irin wanda idon almajiri ya saba da shi. Ruwudu kuma ya bi hannun Mangawa na gabashin Nijar.

Shafi yana iya ɗauke da zubinsa, ya sauke wa wayar mai karatu lokacin da ya buɗe shi. Wannan ya kamata ku nema. Amma a ƙauyukan Dallol Boso inda layin waya yake da rauni, kowane ƙarin kaya jinkiri ne da kuɗi, saboda haka zubi ɗaya ya isa. A ƙara girman haruffa fiye da na boko, a kuma buɗa tsakanin layuka, in ba haka ba rufu'a ta layin ƙasa za ta hau kan wasalin ƙasa na layin sama.

Alamu uku za su nuna maka inda cuta take. In ka ga ƙananan akwatuna a madadin wasu haruffa, zubin ne ba shi da su. Rubutun yana nan lafiya, da an sa zubin da ya dace zai fito. In ka ga jerin alamun tambaya, abin ya fi muni: ma'ajiyar shafin ba a shirya ta don Yunikod ba, ta lalata rubutun tun wurin ajiya, sai an gyara ta an sake bugawa. In kuwa haruffa sun fito a warwatse, kowanne shi kaɗai, suna tafiya daga hagu, manhajar ce ba ta iya haɗa rubutun Larabci ba. An fi ganin wannan a allunan talla da takardun sanarwa.

Abin da ake juyawa da abin da ake bari

Shafin ajami kamar hoton shafin boko ne a madubi. Jerin zaɓi da ke hagu ya koma dama. Kibiyar da ke nufin ci gaba ta dubi hagu, ta komawa baya ta dubi dama. Masu gini na ƙwarai ba sa rubuta hagu da dama a tsarin shafi tun farko. Suna rubuta farkon layi da ƙarshen layi, sai shafi guda ya yi wa boko da ajami aiki ba tare da an gina biyu ba. Amma ba a juya taswira, Filinge tana nan arewa maso gabas da Yamai ko da wane rubutu aka rubuta sunanta. Ba a juya agogo, ba a juya madannan lambobi, ba a juya hoton mutum ko tambarin ƙungiya.

Hoton rubutun hannu fa?

Mutane da yawa sukan rubuta ajami a takarda, su ɗauki hotonsa su aika. Da babu gara ba daɗi, kuma don sanarwar kwana ɗaya wannan ya wadatar. Amma hoto ya fi rubutu nauyi nesa ba kusa ba, ba a neman kalma a cikinsa, ba a kwafar lambar waya daga cikinsa, kuma in farashi ya sauya sai an sake rubuta takardar duka. Shafin da zai daɗe yana bukatar rubutu na gaske.

Bugawa da aika saƙo

Madannan Larabci na waya ba su da tsa, ba su da ɗigon imala, wasula kuma galibi a ɓoye suke sai an danne wani maɓalli. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Keyman wadda ake ƙara wa waya ko kwamfuta sababbin madannai da ita. Ku nemi ma'aikacin ya sa wa sakataren ƙungiya madannan da ke da haruffan da kuka zaɓa, ya kuma koya masa.

In za a riƙa tura wa mambobi gajeren saƙon waya, a yi lissafin kuɗinsa tun da wuri. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160 na Turanci, amma na ajami 70 kaɗai yake ɗauka, kuma kowane wasali da ɗauri da shadda ana ƙirga shi harafi guda. Jimla biyu na ajami suna iya cin kuɗin saƙo uku. Boko ma bai tsira ba, domin ɗ ko ƙ ko ɓ guda ɗaya a cikin saƙo yana mai da shi na 70.

Gwaji kafin a biya

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ƙungiya ta karɓi aiki, a tara masu karatu iri-iri: dattijon da ya yi allo, mace daga ajin yaƙi da jahilci, saurayi ɗan Islamiyya. Kada a gwada a kwamfutar ma'aikacin, domin tasa tana da duk abin da ake bukata. A gwada a wayar da ta fi kowace tsufa da araha a cikinku, a inda kuke zaune. Kowa ya karanta da ƙarfi, ba wanda zai taya shi, a lura da inda ya yi tuntuɓe. A kwafi lambar wayar da ke shafin a kira ta a ji wanda zai ɗauka. A gwama farashin da ke ɓangaren ajami da na ɓangaren boko. Wani ya rubuta sunansa da na ƙauyensu a gurbin suna, a rufe shafin, washegari a buɗe a ga ko sunan yana nan yadda aka rubuta shi. A nemi kalma mai fa da kalma mai tsa a ga ko za su fito. A kwantar da wayar a tayar da ita, a duba ko layukan da suka karye sun ci gaba daga dama.

Duk wannan a rubuta shi cikin yarjejeniya tun ranar farko, da sunan zubin haruffan da kuka zaɓa, da irin fa da ƙaf da kuka amince da su. A kuma rubuta cewa kason ƙarshe na kuɗin aiki sai bayan gwajin, kuma duk lokacin da aka sabunta shafin za a sake kiran lambar wayar da duba farashin a waya mai araha.